Jirgin da Ya'akubu Ya Harbo

Akwai wani tsohon soja a Bukan Sidi, cikin Lafiya, sunansa Ya'akubu. Shekara bakwai da gama yaƙin basasa, amma a bakinsa yaƙin bai ƙare ba.

Yana da wani baƙin ƙarfe, duk ya ƙone, ga gutsuren roka a kafe a jikinsa. Kullum sai ya ɗaga shi a majalisa. "Fiffiken jirgin abokan gaba ne. Ni na sauko da shi, harbi ɗaya!"

Wasu na musu, suna cewa rediyo bai taɓa faɗar haka ba. Sai ya dangwara musu ƙarfen a gaba, musun ya ƙare.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma akwai Ortese, wanda suka yi yaƙin tare, ya dawo hannunsa na rawa. Shi ne Ya'akubu ya mayar abin dariya. "Ranar da na harbo jirgin, wannan ragon kuka ya yi ta yi kamar jariri."

Yara suka riƙa bin Ortese da jifa. Ko kwasar doya a tasha aka daina ba shi. Wallahi abin tausayi, amma bai taɓa tankawa ba.

Ana nan sai unguwa ta ce za a naɗa Ya'akubu shugaban 'yan banga. Don burga, ya sa matarsa Sailuba ta goge ƙarfen da toka da lemun tsami, ta kawo shi a lulluɓe da zane gaban jama'a ranar naɗin.

Ya yaye zanen da kansa. Baƙin ya fita tas. Ga fenti nan: kore, fari, kore.

Wani dattijo ya matso ya duba. "Ya'akubu, ai wannan tutarmu ce."

Ya'akubu ya waiga yana neman mai ceto, idonsa ya faɗa kan Ortese.

Ortese ya ce a hankali, "Oga, ranar na gaya maka namu ne. Ka mare ni, ka harba. Mutum biyu a ciki. Su ne na yi ma kuka."

Ba wanda ya zagi Ya'akubu. Jama'a suka naɗe tabarminsu ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi zaune cikin babbar riga da ƙarfen a cinya.

Darasi: Kada ka wulaƙanta mai rufa maka asiri don ka ga ya yi shiru, kuma abin da kake taƙama da shi yana iya zama shaida a kanka. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.