Direban da Ya Bar Tsohuwa a Hanyar Bikin Karusa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye da ke bakin kogin Kaveri, can wata ƙasa mai nisa. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da rai, kuma ba su suka yi laifin ba.

Mutumin nan yana da bas guda ɗaya, shi yake tuƙa abarsa. Duk shekara idan zafi ya tsananta, lokacin jan karusar haikali ya zo, wato bikin ibadarsu da jama'a ke jan wata ƙatuwar karusa da igiya, shi ke kwasar mutanen ƙauye ya kai su birni. Ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne. Ciwonsa ɗaya ne: yana so a gan shi a gaba.

A shekarar da nake ba ku labari, dattawan haikali suka aiko masa cewa yana cikin mutum biyar da za su fara kama igiyar karusa. Za a naɗa masa ƙyallen siliki a ka, a rataya masa fure a wuya, a kira sunansa a lasifika. Amma ƙarfe tara daidai za a fara ja, kuma karusa ba ta jiran kowa.

Cikin fasinjojinsa akwai wata tsohuwa mai suna Sellammal. Ita ta shayar da shi bayan mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, shi ya sa yake ce mata Iya. Ta yi bakance cewa idan jikarta ta sauka lafiya, za ta ja igiyar nan da hannunta, ƙafa ba takalmi. Jika ta sauka lafiya. Tsohuwa ta bar takalminta a gida, ta shiga mota.

Wajen ƙarfe takwas suka tsaya a rumfar wani mai shayi. Tsohuwa ta zagaya bayan rumfa. Kowa ya sha ya koma mota, ita shiru. Mutumin nan ya dubi agogo, ya sake duba, ya tada injin.

Matarsa da ke zaune kusa da shi ta ce, "Maigida, Iya ba ta dawo ba."

"Tana can baya cikin mata."

"Ga kwakwarta da ayabarta nan a kujera."

"Motoci sun fi dubu a hanyar nan yau. Wani zai ɗauko ta."

Mota ta cika maƙil, ana waƙa ana tafi, ba wanda ya lura. Mai shayi ya biyo su da gudu yana ɗaga hannu. Direba ya gan shi sarai a madubi. Ya ƙara wuta.

Ya isa a kan lokaci. Aka naɗa masa siliki, aka kira sunansa, ganguna suka tashi, ya kama igiya mai kaurin cinya. Dubban mutane suka ja, karusa ta motsa. Shin kuna tsammani ya ji daɗin da ya yi ta mafarki? Duk tsohuwar da ya hango cikin taro, sai ya kau da kai.

Ita kuwa ta jira ta gaji. Duk motar da ta wuce a cike take. Don kada bakancenta ya faɗi, sai ta faki idon mai shayi ta kama hanya a ƙasa, a kan kwalta mai zafi kamar kasko. Bayan azahar wani ya gaya wa mai shayi akwai tsohuwa kwance a gefen titi. Ya rufe rumfarsa, ya ɗauko ta a keke mai ƙafa uku.

Da la'asar suka iso. Mutanen ƙauye suna gindin tsamiya suna cin shinkafa a ganyen ayaba, direba yana tsakiyarsu da furensa. Dama ya riga ya gaya musu cewa Iya ta haɗu da 'yar uwarta, za su taho tare. Aka sauko da ita. Tafin ƙafarta ya saɓule.

Mai shayi ya ce, "Kai direba, da na biyo ka ina ɗaga hannu, ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

Direba ya dubi matarsa. Matar ta dubi ƙasa, ta ce, "Ya gan ka."

Tsohuwa ta buɗe ido da ƙyar. "Ku ƙyale shi, ni ce na yi nawa." Ta dube shi ta ce, "Furen ya karɓe ka, ɗana. An gama ja ne?"

An gama. An mayar da karusa mazauninta, an naɗe igiya.

Ba a doke shi ba, ba a zage shi ba. Da ma an yi, da ya fi masa sauƙi. Mutane suka ɗauki tsohuwa zuwa asibiti, saura suka kwashe kayansu daga motarsa suka nufi tashar jirgin ƙasa. Ya koma ƙauye da kujeru hamsin ba kowa a kai.

Kwana huɗu ta yi ta rasu. Ranar ƙona gawarta, kamar yadda al'adarsu take, ya zo zai sa kafaɗa a makara, ɗanta ya ce, "Yaya, bari. Kana sauri."

Daga nan ba wanda ya sake shiga motarsa, ko zuwa kasuwa. Ta yi tsatsa a ƙofar gida har aka sayar da ita a ƙarfe. Matarsa ta koma gidan ɗan'uwanta da yara. Shi kuma ya daina bin babban titi, sai ta bayan gonaki, kansa a sunkuye. Wanda yake so a gan shi ya wayi gari yana gudun ido.

Ya 'yan uwa, mene ne amfanin isa wurin ibada da wuri, idan ka tako mutum a hanya? Mutumin nan bai yi niyyar kashe kowa ba. Minti goma kawai ya ƙi bayarwa, ga matar da ta ba shi nononta shekara biyu. Son girma ba ya zuwa da ƙaho. Yakan zo ne da uzuri mai daɗin ji: wani zai ɗauko ta. Kowannenmu ya tambayi kansa, wa ya gani a madubi ya kau da kai?

Allah ya kiyaye mu da girman da ake saye da hawayen rarrauna. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu ji kunya tun kafin mu aikata. Amin.