Barmo da Rairayin da Babu Sawu

A zamanin da fari ya tashi garuruwan Arewa, an yi wani maharbi ana ce da shi Barmo, na gaban ayari, mai karanta ƙasa da ido. Gida goma sha biyu suka ɗora rayukansu a wuyansa. Wata huɗu cur yana jan su kudu, ko akuya ba a rasa ba, har suka iso bakin teku.

Barmo bai taɓa ganin teku ba, amma ya san sawu. Da hantsi ya sami wani faffaɗan rairayi sumul, ba sawun kura, ba jan cikin maciji. Ya ce nan za a sauke kaya.

Sai ga Ablawi, wata tsohuwa mai dafa gishiri da ta tsinci Hausa wajen fataken goro, ta gangaro daga tudu.

"Baƙo, kwashe mutanenka ku hau sama."

"Inna, shekarata talatin a daji. Wurin nan ko ɓera bai taka ba."

"Ka tambayi mai share shi?"

Barmo ya yi dariya. Allah sarki, gwanintarsa ce ta rufe masa ido.

La'asar na yi, teku mai share rairayin kullum ya dawo. Ta baya ruwan ya zagayo, ya raba su da tudu, kafin a ankara ya kai ƙugu. Barmo ya goya mahaifiyarsa, ga baka a hannu, ba abin harbi. Ran nan ya ji tsoron da zaki bai taɓa ba shi ba.

Ashe Ablawi ba ta yi zuciya ba. Tun azahar ta tara matan gishiri da kwale-kwalensu a bayan dutse, suna jira. An ce igiyar ruwa ta kwanta har jirgin Ablawi ya wuce. Aka tsamo kowa da rai, gero da jakuna uku kawai ruwa ya ci.

Barmo ya durƙusa, ya ajiye bakansa a gabanta.

"Inna, nuna mini inda zan zauna."

Inda ta nuna masa shi ne Tudun Inna, garin da masu hutu ke cika yau don shan iska da cin gasasshen kifi. Kowace shekara jikokin Barmo kan shimfiɗa tabarmi a rairayin nan, su zauna har ruwa ya taɓa ƙafafunsu, jikokin Ablawi su zo da jirage su kwashe su, suna yi musu tsiya. Kuma ba jinin Barmo da ke sa hannu a tuwon bikin sai matan gishiri sun ƙoshi.