Dawar da Aka Auna Sau Uku

A shekara ta biyu ta ƙarancin ruwa, ranar Laraba da hantsi, aka ajiye takarda a gaban Sarki Hankurau na Dutsen Maje, saura hatimi kawai. Abu biyu ta ƙunsa. Baƙin da fari ya koro daga arewa, gida arba'in da suka kafa bukkoki a bayan ganuwa, su tashi cikin kwana bakwai. Rumbun tsimi kuma, inda ake raba wa talakawa dawa duk mako, a rufe shi, a sayar da abin da ya rage.

Alhaji Cindo mai hatsi ne ya kawo shawarar, shi ne kuma zai saya. Bayaninsa mai daɗin ji ne. Wata huɗu ana rabo, rumbu ya yi rabi, yunwa tana nan inda take. Ina hatsin yake tafiya in ba cikin baƙi ba? Sarki ya juya maganar bai ga inda ta karkace ba. Ya gaji da sauraron koke, kuma rufin kwanon zauren da yake zaune a ciki Alhaji ne ya yi shi.

Ya aika a kira Iya Yalwa ta kawo mabuɗi. Ita ce ma'auniyar gari. Shekara talatin da ɗoriya tana auna zakkar da ke shiga rumbun da rabon da ke fita, ranar kasuwa kuma ta auna wa 'yan hatsi su biya ta. Ta shigo ta durƙusa ta yi gaisuwa. Mabuɗin yana ƙulle a gefen zaninta, ba ta kwance ba.

"Ranka ya daɗe, mabuɗi naka ne, zan bayar. Amma an taɓa sa wa irin wannan takarda hatimi a Tungar Bagaruwa, kuma na san abin da ta haifa."

Alhaji Cindo ya yi murmushi. "Iya ba ta rasa labari."

Sarki ya ce, "Yaya aka yi a Tungar Bagaruwa?"

Iya Yalwa ta gyara zama, ta ce:

Tungar Bagaruwa gari ne mai gida ɗari biyu da rijiya bakwai, kowacce zurfinta ya fi gaba ashirin. Mutanen garin manoma ne, ba mai iya shiga rijiya a cikinsu. Wasu baƙi daga gabas ke zuwa su yashe musu duk bazara, har suka zauna, aka ba su gefen gari.

A garin akwai wani attajiri, Nabara, mai ba da bashin hatsi. Dami ɗaya da damina, biyu da kaka. Wanda ya kasa biya, biyun su zama huɗu, daga nan gona ta shiga jingina. Da talauci ya ishi mutane suka kai kuka fada, sai Nabara ya miƙe ya ce, "Ku tuna da kanku. Kafin baƙin nan su zauna, kuna kwana da yunwa?" Mutane suka ce a'a. Gaskiya suka faɗa. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, shekarar da baƙi suka zauna, a ita Nabara ya fara ba da bashi.

Sarkin Tunga ya ce baƙi su tashi. Ranar tafiya babbansu, wani tsoho mai suna Barmo, ya zo sallama da igiyar aikinsa a kafaɗa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa taka ce, mun tafi. Allah dai ya sa kada a yi irin ta bijimin sa da balbela."

Sarkin Tunga ya ce, "Me sa ya yi da balbela?"

Barmo ya ce:

Wani mutum ya turke sa yana kiwonsa don Sallah. Harawa da safe, dusa da yamma, ga kanwa a ruwa. Amma san sai ramewa yake yi, don kaska ta cika masa ciki da gindin wutsiya. Babba a cikinsu ta samu wuri a cikin kunnensa. Wata rana ta ce masa, "Maigida, ka lura da fararen nan masu dogon wuya? Ba 'yan nan ba ne. Da ruwan farko suke zuwa, ba wanda ya san iyayensu. Kullum suna gindinka suna tsince-tsince. Me suke tsinta in ba rabonka ba?"

Sa ya ce, "Ban taɓa ganin sun ci harawa ba."

Kaska ta ce, "Ai nan wayon yake."

Sa ya yi tuƙa ya yi tunani, ya ce, "To ke me kike ci?"

"Ni? Ƙwayar gero ta fi ni girma. Mu a jikinka aka haife mu, ciwonka ciwonmu ne."

Daga ranar duk balbelar da ta sauka, sa ya kai mata ƙaho ko ya make ta da wutsiya. Balbelu ba su yi gardama ba, suka koma wani garke. Da ba mai tsince kaska, sai ta ninka. Mai sa ya ƙara dusa bai ga canji ba, ya ce abincin asara ne, ya daina bayarwa. Kafin Sallah ya sayar wa mahauci a kuɗin fata. Ana kayar da san, kaska ta sauka ɗaya bayan ɗaya ta hau maraƙin da aka ɗaure a turkensa.

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya fi kusa da kunnenka, shi za ka fara tambaya me yake ci, kuma kada ka tashi sai ya amsa."

Sarkin Tunga ya yi dariya ya ba shi goro biyu. Baƙi suka kama hanya, mutanen gari suka raka su da jifa, suka dawo suka kwashe ƙyamare da tabarmin da suka bari. Bazarar nan ba a yashe rijiya ba. Biyu suka rufta, huɗu suka cika da yashi. Ɗaya ta rage, ta ƙofar gidan Nabara, don ya bi baƙin a hanya ya dawo da mutum biyu a ɓoye, yana biyansu rabin lada. Mutane suka koma sayen ruwa wurin wanda suke bin sawunsa don hatsi. A shekara ta uku ba gonar da ba tasa ba, mutanen Tunga suka ɗaure kaya suka bi hanyar da suka kori baƙi.

Da ta kai nan a labarin, Iya Yalwa ta ce, "Ubana yana cikin masu jifa, ranka ya daɗe. Shi ya samu ƙyauren bukkar Barmo. Da za mu tashi ya ɗora shi a kan jaki, ya ɗora ni a kansa. Kakanka ya sauke mu a bayan ganuwar nan, daidai inda bukkokin nan suke yau. Bai tambaye mu ko mu 'yan ina ne ba sai da muka ci abinci."

Sarki ya ji nauyin maganar, amma takarda tana nan, tambayar Alhaji kuma ba a amsa ta ba. Alhaji ma ya san haka.

"Labari ya yi daɗi, Iya, amma rumbu ya yi rabi. Ina hatsin?"

"Tun da ka tambaya a gaban Sarki, zan faɗa a gaban Sarki." Ta juya ga Hankurau. "Baƙin nan ba su cikin masu karɓar rabo. Ko mudu ɗaya ban taɓa auna musu ba. Ƙwadago suke yi su ci, yawanci a gonakin da ke jingine a hannun Alhaji. Dawar rumbu kuwa sau uku nake auna ta. Na auna ta da kaka tana shiga. Na auna ta ranar rabo tana fita. Mace ta ɗauki ƙwaryarta, ba ta yi taku hamsin ba, ga mutanen Alhaji a gindin tsamiya da buhuna, su ce mijinta da sauran bashi, su kwashe rabi. Ranar kasuwa in zauna a rumfarsa in auna wa matar nan dawarta bashi, ɗaya a biya biyu. In zai bayar, a shafe mudu. In zai karɓa, a yi tsororo har da rungumar hannu. Ni nake shafewa, ni nake tsororon. Wata huɗu ina karɓar ladansa ina yin shiru, wannan kuwa ni zan amsa shi a gaban Allah. Amma a ce mutanen da ba su ɗanɗana ba su suka cinye, a kore su da 'ya'yansu tsakiyar damina, sannan a miƙa masa sauran rumbun, ba da bakina a rufe ba."

Alhaji ya karkaɗe hannun riga. "Dawa ai duk dawa ce. Ta rumbu tana da suna a goshi?"

"Tana da shi. Ku 'yan kasuwa hodar magani kuke zubawa saboda ƙwari. Ni toka nake cuɗawa da busasshen ganyen darbejiya, kamar yadda uwata take yi. Ba mai yin haka a garin nan sai ni."

Sarki ya dubi dogarin da ke bakin ƙofa. "Je rumfar Alhaji. Kada ka bari a zaɓa maka, ka ɗauko buhun da hannunka ya fara taɓawa."

Dogari ya dawo ya dire buhun a tsakiyar zaure. Sarki ya sauko da kansa, ya kwance bakin, ya cusa hannu har gwiwa. Da ya zaro, fatarsa ta yi fari da toka, ga guntun ganye maƙale tsakanin yatsunsa.

"Ranka ya daɗe, bashi suka biya," in ji Alhaji. "Da yardarsu. Ban ƙwaci na kowa ba."

Sarki ya san haka ne, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Kullum ranar rabo yana wucewa ta gindin tsamiyar nan, mutanen Alhaji suna zubewa suna gaishe shi, yana ɗaga musu hannu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban rufin kwanon.

"Wanda ka ba mudu, mudu zai biya ka," ya ce, "da awon da ka ba shi. Mutanenka su tashi daga gindin tsamiya yau. Kwanon nan kuma ka aiko a cire, ko ka faɗi kuɗinsa."

Ya ɗauki takardar da hannun da ke da toka, ya ninke ta, ya miƙa wa dogari ya ce a kai madafa a sa a wuta.

"Iya, riƙe mabuɗinki. Gobe ki buɗe rumbu, ki haɗa da na bayan ganuwa."

Iya Yalwa ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ta tsaya. "A shafe, ranka ya daɗe, ko da tsororo?"

Sarki ya ce, "Yadda kike auna wa Alhaji in zai karɓa."