Ɗakin Kwano a Gadarif

A watan Afrilun 2024, Abdulhamidu ya cika shekara guda a Gadarif, a gabashin Sudan. Yaƙi ne ya koro shi daga Khartum, shi da mahaifiyarsa Batoul, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta iya tashi sai an kama ta. Malamin makaranta ne a da. Yanzu yana auna buhunan riɗi a kasuwa. Mutum ne mai tsabta da ladabi, amma ba ya karɓar shawara daga wanda bai yi karatu ba.

Mutanen unguwar suna kwana a bukkokin jinka. Da rana suna zama ƙarƙashin rumfar kara, su yayyafa wa ƙasa ruwa, su sha daga randar da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Abdulhamidu ya ga wannan ƙauyanci ne. Ya gina ɗaki da bulo, ya rufe da kwano, ya sa fanka. Taga ɗaya ya yi, ƙarama.

Maƙwabcinsa Gado, tsohon manomin dawa, ya tsaya yana kallon rufin.

"Ya Ustaz, wannan ɗaki ne ko tanda?"

"Ɗaki ne, Baba Gado. Irinsa muke zama a ciki a Khartum."

"Can kuna da wuta kullum. Nan sai ta ga dama."

Abdulhamidu ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa.

Hawwa, matar Gado, ta same shi wata safiya yana sa kwaɗo a ƙofa. Tun ranar da ya ga an fasa gidajen maƙwabtansa a Khartum an wawashe, ba ya barin ƙofa a buɗe.

"Ɗana, ka kawo mana Hajiya ta wuni a rumfa. Ga angarib, gadonmu na igiya, ga zoborodo. Ko surutuna kaɗai ya ishe ta magani."

"Na gode, Inna. Tana da fanka, na ajiye mata ruwa."

Daga ciki tsohuwar ta ce, "Abdu, da ka bar ni na je. Na gaji da kallon bango."

"Yumma, ƙura ce a can. Da azahar zan dawo."

Gaskiyar ita ce ba ya son a ga uwarsa, wadda ta yi shekara arba'in a gidan bene, kwance a rumfar manoma.

Ranar ba iska ko kaɗan. Kafin ƙarfe sha ɗaya jakuna sun daina motsi, masu shaguna sun sauke ƙofofi. Sai aka ɗauke wuta. A kasuwa motocin riɗi biyu suka iso daga gonakin Simsim, aka riƙe Abdulhamidu a kan sikeli. Ya lura fankar ofis ta tsaya, ya ce wa kansa yanzu za a dawo da wutar.

Hawwa ce ta leƙa ta tagar. Zafin da ya bugi fuskarta ya sa ta ja da baya.

"Hajiya? Hajiya Batoul!"

Muryar ta fito a hankali. "Ruwan ya zama shayi, 'yar'uwa. Kaina..."

Hawwa ta kira Gado. Ya ɗauko gatari ya fasa kwaɗon. Suka ɗauki tsohuwar zuwa rumfa. Jikinta ya bushe ƙamas, babu gumi, kuma ta daina gane su. Suka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, suna yi mata fifita, har aka samo ragsha, keke mai ƙafa uku, ta kai ta asibiti. Ta rasu kafin la'asar.

Abdulhamidu ba shi da dangi a garin. A rumfar Gado aka zauna makoki, domin ba mai iya zama a ɗakinsa. Ba wanda ya ce masa komai game da kwanon. Ana miƙa masa ruwan randa, yana karɓa, yana sha, kansa a ƙasa.

Bayan kwana uku mutane suka watse. Washegari da sassafe aka ji ƙarar guduma. Abdulhamidu ne shi kaɗai a kan rufin, yana cire ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya.

Darasi: Zafi mai tsanani yana kisa, kuma tsofaffi yake fara kamawa. Kada ka kulle mai rauni a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kada ka dogara da fanka kaɗai. Idan ka sauka a sabon gari, ka saurari waɗanda suka daɗe suna rayuwa da ranarsa, ko da ba su taɓa shiga aji ba.