Rumbun Bushiya da Kurege

Kakanku Jatau magini, mai ba ku tatsuniya a kan tabarmar nan, ba ya nan yanzu. Ni ban iya muryoyi kamarsa ba, amma wannan na riƙe ta.

Ga ta nan tafe gare ku.

"Ta iso mu ji ta, Iya."

Bushiya da Kurege suka yi noman gero tare. Ana cikin bazara, rumbunsu ya rushe, dammunan gero suna fili. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. In ruwa ya sauka, abincin shekara ya ruɓe.

Bushiya ta ɗauko igiya ta ce, "Sai na auna."

Kurege ya ce, "Yaya, ki yi ta awo. Ni rumbun yana cikin kaina, har da taga."

Ya kwaɓa laka, ya gina shi wuni ɗaya. Kafin la'asar, ɗanyar laka ta zauna daɓas. Bushiya tana awon gindin rumbu.

Washegari ya gina mai wuya kamar tulu. Ya faɗi. Bushiya tana sake awo, wai igiyar jiya ta miƙe.

Rana ta uku ya gina mai hawa biyu. Wannan a kansa ya faɗo.

Bushiya ta ce, "Sannu, sarkin magina. Rumbu uku, babu ko ɗaya."

Kurege ya tofar da laka ya ce, "Naki fa? Nuna min in sa gero."

Bushiya ta dubi igiyarta, ta dubi gabas. Kunya ta kama ta.

Sai ta hangi Zanzaro yana ɗora laka a jikin bango. Ta ce, "Baba, kai da me kake awo?"

Ya ce, "Ba na awon abin da bai tsaya ba, 'yata. In ɗora zagaye ɗaya, in bar shi ya sha iska, in taɓa. In ya yi ƙarfi, in ƙara. In ya karkace, kaɗan zan rushe."

Bushiya ta kira Kurege. Shi ya ɗora zagaye yadda ya ga dama, ita ta jira ya bushe, ta auna, ta danna da hanci. Wani zagayen ta ce, "Ƙara." Wani ta ce, "Cire." A kan taga suka yi ta musu, ƙarshe ta bar masa ƙarama. Ranar da suka kifa jinka, gero na ciki, ranar ruwa ya sauka.

Mai dabara ya gwada kaɗan, mai lissafi ya duba, sannan a yanke shawara. Shi ya sa Jatau bai taɓa bari a fasa gidan zanzaro a ɗakin nan ba. Ga shi can sama da ƙofa, kada wanda ya taɓa min shi.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan.

Allah Ya jiƙan Jatau, Ya yalwata masa makwanci. Ku ce amin.