Ranar da Ayari Ya Koma Aljihu

Ku ɗan matso kusa, muryata ba ta kai inda take kaiwa a da. Akwai wata magana da na tarar a wani gari cikin yawona, na baro ta ba a yanke ba, kuma tun daga nan duk inda na sauka sai na shimfiɗa ta gaban mutane in ji abin da za su ce. Garin ko Misau ne ko Azare, na kasa tsayar da ɗaya. Abin da na riƙe shi ne masallacin da na sauka yana kallon wani shago da ake kira gidan gem, inda matasa da magidanta ke zama gaban manyan talabijin suna wasa.

Fanka ce ta fara kai ni shagon, domin zafin garin ya yi yawa. Da na zauna sai na ga raƙuma a jikin gilashi suna tafiya cikin rairayi, ɗauke da gishiri. Na tambaya, aka ce min wasa ne, sunansa Ayarin Gishiri. Wani kamfani ne a babban birni ya ƙera shi, sunan kamfanin ya ɓace min. Ba a yin wasan mutum ɗaya. Sai an haɗu, kowa ya riƙe wani abu mai maɓallai da suke kira hannun gem: wannan ya nemi rijiya, wancan ya tsare kaya daga 'yan fashi, ɗaya kuma ya zama madugu, ya ja ayari zuwa zango. Na yi mamakin yadda mutanen da ba su taɓa jin warin raƙumi ba suke gardama a kan ƙishirwarsa.

Mai shagon Kawu Lawandi, tsohon direban tirela. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi bayan ya buɗe shagon, ta naɗe masa hannun dama, ta tafi da maganarsa. Idan yana son ruwa sai ya nuna randa. Amma in aka ɗora masa hannun gem a gwiwa, ya danne shi da shanyayyen hannun, ya sa yatsun hagu a kan maɓallai, to duk garin babu madugu kamarsa. A cikin wasan akwai ƙararrawa a wuyan raƙumin gaba. Da ita yake magana. Ya kaɗa a hankali, kowa ya tsaya. Ya kaɗa da sauri, akwai haɗari. Idan wani ya yi wauta, akwai wani kaɗi da yake yi wanda duk shagon ya san zagi ne, sai a fashe da dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. A gida mara lafiya ne da ake juyawa. A shago shi ke ba da umarni.

Ana nan sai kamfanin ya fitar da sanarwa. Wata ma'aikaciyarsu mai suna Safara'u, wadda ta zana raƙuman, ita aka sa ta yi bayani a bidiyo. Ta ce daga bana ayari ya koma aljihu. An yi sabon wasa na waya, wanda mutum zai yi shi kaɗai a ko'ina, tsohon kuma za a rufe shi, domin yana jingine ne da babbar na'urar kamfani ta intanet, kuma za su kashe ta. Ni ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Masu waya sun fi masu talabijin ɗin wasa yawa nesa ba kusa ba, ma'aikata kuma suna da iyali. Sai dai an miƙa wa Kawu Lawandi waya ya gwada, yatsunsa masu rawa suka yi ta zamewa a gilashin da ba shi da maɓalli ko ɗaya. Ya nemi ƙararrawa, babu ita, tunda babu wanda za a kaɗa wa. Ya ajiye wayar a benci, ya juya fuska wajen bango.

Akwai abokai uku da suka fi kowa zama a ayarinsa: Talle mai walda, Mudi tela, da Kallamu mai kemis. Kowannensu ya ga fuskar Kawu a ranar, kowa kuma ya kama hanyarsa.

Talle mutum ne mai zafi. Ya koma wurin aikinsa, ya ɗora wata tsohuwar waya a kan maƙera, ya sa aka ɗauke shi bidiyo. Ya ce, “Ku da kuke birni, kun ce ayari ya koma aljihu. A ina kuka taɓa ganin ayarin mutum ɗaya? Wannan ai ɓataccen matafiyi ne.” Sai ya sauke guduma. Bidiyon ya bazu. Ashe a garuruwa da yawa akwai masu jin haushi irin nasa, kowa na zaune da nasa a ciki. Suka taso gaba ɗaya, suka yi ta rubuta wa kamfanin ƙorafi, suka daina sayen duk wani abu nasa, har gidajen rediyo suka ɗauki zancen. Kamfanin da bai san da su ba ya sani. Amma abin ya wuce inda Talle ya nufa. Mutane suka bar kamfani suka koma kan Safara'u, suna zaginta da iyayenta, har suka yaɗa sunan unguwarsu. Kamfanin ya fusata, ya ce ba zai yi magana da masu cin mutuncin ma'aikatansa ba, kuma zai rufe tsohon wasan tun kafin lokacin da ya ɗiba.

Mudi ba ya son hayaniya. Bai rubuta komai ba, bai zagi kowa ba. Ya rufe keken ɗinkinsa da zane, ya sayi goro, ya hau mota zuwa birni. Bai je kamfani ba. Unguwar da masu zagi suka yaɗa ya nema, ya yi ta tambaya har ya sami gidan mahaifin yarinyar, wani dattijo Malam Sidi. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure, ya ajiye goro, ya ce ban haƙuri ya zo yi.

Malam Sidi ya dube shi, ya ce, “Kai ne ka zage ta?”

“A'a, Baba.”

“Ɗan'uwanka ne?”

“Ban ma san su ba.”

“To, ɗana, kai wakilin wa ke nan?”

Mudi ya ce, “Wasa ɗaya muke yi da su, Baba. Tunda an ci mutuncin gidan nan da sunanmu, dole wani ya zo.”

Dattijon ya aika aka kira Safara'u. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Mudi bai roƙe ta komai ba, labarin Kawu Lawandi kawai ya ba ta. Da ya kai kan ƙararrawa sai ta zauna. Ta ce ita ta sa ƙararrawar, kuma don ado ta sa, ba ta taɓa zaton wani zai yi magana da ita ba. Ta sa shi ya kwaikwayi kaɗin zagin da baki, ya yi, ta yi dariya, mahaifinta ya ce rabonta da dariya tun da abin ya faru. Ta ce akwai hanyar da za a zuba tsohon wasan a ƙaramar na'ura ya zauna a shago ɗaya ba tare da kamfani ba, kuma za ta faɗa wa manyanta. Amma ta ce, “Malam Mudi, ni zane nake yi. Yanzu kunnen shugabanninmu yana wajen masu wasan waya, ba wajena ba.”

Kallamu kuwa, tun ranar farko ya sauke sabon wasan a wayarsa. A kemis, tsakanin mai sayen maganin tari da mai sayen na zazzaɓi, yana shafa gilashi. Labari ya kai shago. Aka sa masa suna Ɗan Aljihu, aka daina matsa masa a benci. Talle ya tare shi a hanya, ya ce, “Kai Ɗan Aljihu, ba ka ji kunyar Kawu ba?” Kallamu ya ce, “Na ji. Amma wasan da daɗi, Talle, ƙarya zan yi maka?” Bai daina ba. Hanyoyin da ya koya a bayan Kawu Lawandi suka yi masa amfani, ya yi ta wuce mutane a yawan maki, har kamfanin ya shirya gasa a birni, Kallamu ya zo na ɗaya. Kyautar gwani ita ce a ɗauke shi aiki a kamfanin, ya riƙa gwada sabbin wasanni, abin da ya daɗe yana mafarki. Aka kira shi gaban jama'a, shugaban kamfanin ya miƙa masa hannu. Kallamu ya ce ya gode, amma a bar aikin, a ba shi wani abu a madadinsa: kada a kashe wa wanda ya koya masa hanya wasansa.

Shugaban ya so ya ƙi. Amma surutun da Talle ya tayar ya gajiyar da shi, yana neman abin da zai kwantar da shi. Safara'u kuma ta riga ta kai masa labarin tsohon direba da maganar ƙaramar na'ura, ta ce masa cikin mutanen nan akwai wanda ya zo har zaurensu da goro. Ga gwaninsu na waya yana roƙo a gaban jama'a. Sai ya yarda.

Ina garin ranar da aka kawo na'urar. Wannan kam na tuna sarai, domin da hantsi ne, ina shan kunu a bakin shagon. Wani ma'aikacin kamfani ya sauko daga mota da kwali, ya ajiye a benci kusa da Kawu Lawandi. Ya ce sharaɗi ɗaya ne. Kamfani ba ya ba taro amana. Sai an ba shi sunan mutum ɗaya mai lafiya wanda zai riƙe mabuɗin na'urar, ya tsare ta kada a kwafi wasan a sayar, shi zai buɗe, shi zai rufe, shi za a tuhuma in wani abu ya faru. In ba a daidaita ba kafin ya juya da la'asar, zai koma da kwalinsa.

Aka dubi Kawu. Aka kira masa sunayen abokan nan uku ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka ambata sai Kawu ya gyaɗa kai.

Talle ya ce, “Ba don ni ba, wa ya san muna duniya? Da an rufe abin nan shiru, Mudi na ɗinki, wannan kuma na shafa gilashi.”

Kallamu ya ce, “Kai a ba ka na'ura? Ranar da aka ci ka, guduma za ka ɗauko.”

“Gara ni. Kai in sun fito da wasan agogon hannu gobe, can za mu same ka.”

Mudi ya ce, “Ku yi a hankali, baƙo na jin ku.”

Talle ya juya gare shi, ya ce, “Kai kuma tela, duk wanda ya ɓata fuska sai ka ba shi haƙuri ka miƙa masa mabuɗin, har da goro.”

Aka yi dariya, amma ba wanda ya janye. Mudi ma da ba ya son gardama ya ce shi dai ya san ƙofar da aka rufe, ya kuma san wanda ya je ya buɗe ta. Mutanen shago suka rabu. Wasu suka ce Talle ne ya tayar da maganar, amma shi ya jawo zagin da ya kusa kashe ta. Wasu suka ce Mudi ne ya gyara, amma bai rasa komai ba sai kuɗin mota da yinin ɗinki. Wasu suka ce Kallamu ya bar aikin da yake so, amma da bakinsa ya ce daɗin wasan ne ya kai shi, ba dabara ba, kuma watanni Kawu yana kallon gurbinsa a benci babu kowa.

Aka yi azahar aka dawo, ba a gama ba. Ma'aikacin kamfani ya fara duban agogo. Kawu Lawandi ya ɗora hannunsa na hagu a kan kwalin, bai ɗauke ba.

A nan ne motar da zan bi ta cika, direba ya ce ba zai jira ni ba. Wataƙila daga baya wani ya ba ni labarin yadda aka ƙare, in ma an ba ni, ya tafi tare da sunan garin. Ni dai a inda na bar su, rana ta karkata, kwalin bai buɗu ba, tsohon yana jiran a ambaci suna ɗaya.

To, ku da kuka ji, da Talle da ya sa aka ji su, da Mudi da ya sa aka yafe musu, da Kallamu da ya sa aka ba su, wane ne ya fi cancanta a damƙa wa mabuɗin?