Murfin Jar Fata a Motar Na'Allah

Akwai wani direba a Sakkwato mai suna Na'Allah, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama ba, motocin garin ma ba su kai yatsun hannu ba. Tsohuwar lori yake ja, irin wadda sai an juya ƙarfe a gabanta take tashi.

Wata rana murfin tankin fetur ɗinsa ya faɗi a hanya. Sai ya sa baduku ya ɗinka masa wani na jar fata, har da tuntaye. Kowa ya gani sai ya yaba.

Da damina ta faɗi, motar ta shiga wani hali. Yau ta tashi da juyi ɗaya, gobe ta ƙi. Ya goge fulogi, ya sake waya, har rubutu ya yayyafa mata, wai sammu ne.

A Ƙofar Atiku, inda yake ajiye ta, akwai wata tsohuwa mai tuyar masa, Inna Bara'atu. Sau biyu tana ce masa, "Ɗana, in gaya maka abin da na gani?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, tsaya ga tandarki. Wagga ba tukunya ba ce."

Ran nan an yi ruwa da safe. Ya dawo daga sauke kaya ke nan, sai ga Tukur, wan matarsa, a guje.

"Na'Allah! Matarka Rahamatu kwana biyu tana bisa gwiwa a Wamakko. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti yanzu!"

Na'Allah ya cafki ƙarfe ya juya. Motar ta yi tari, ta mutu. Ya sake. Shiru. Ya yi ta juyi har tafin hannunsa ya saɓule. Mahauta suka bar nama suka tura ta, a banza.

Ya durƙusa cikin taɓo yana kuka. "Ya Allah, kada ta mutu ina nan tsugune!"

Inna Bara'atu ta taso da butar alwalarta. Ta dafe bakin butar da tafin hannu, ta karkata ta. Ruwa ya ɗan ɗiga, ya tsaya. Ta ɗage hannu, ya zubo shar.

Ta ce, "Ni ban san mota ba. Amma duk ranar da ruwa ya jiƙa jar hular tankin nan, fata ta kumbura, ranar take ƙi. In ka buɗe don ka leƙa mai, ka mayar, sai ta tashi, kai ko ka ce fulogi ne. Buɗe mata ta sha iska."

Ya fizge murfin. Kowa ya ji tankin ya ja iska, fuuu. Ya juya sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta ɗauka.

Kafin ya hau, tsohuwar ta huda fatar da tsinken tuyarta, ta miƙa masa. "Tahi, Allah shi sauke ta lahiya."

Kafin la'asar Rahamatu tana asibiti. Ta sha wuya ƙwarai, amma Allah ya raba lafiya, aka sami ɗiya mace.

Ranar suna Na'Allah ya zo da hannu naɗe da tsumma, ya tsuguna gaban tanda, ya kasa ɗaga kai.

"Inna, ki gafarce ni. Bara'atu aka raɗa mata."

Ta ce, "To, sai ka koyi sauraren mai sunan tun tana ƙarama."

Darasi: 'Yan uwa, kada sanin sana'arka ya toshe maka kunne. Wanda ka raina yana iya ganin abin da ya ɓace maka, kuma ba kullum ake samun damar ji a karo na uku ba. Ku tura wa wani, ko Allah ya sa ya amfana.